Rumbun Tsimi da Agogon Bature

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ina mushen lakkwal, wato malamin makaranta, a wani ƙauye can arewa da Mayahi, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Na daɗe ban ba da labarin ba. Abin da ya tono shi, wani daga cikinku masu karanta rubutuna ne ya rubuto mini yana tambaya wai ko agogo mai tsada, irin na Turawa mai tafiya ba batir, wurin ajiyar dukiya ne. To gyara zama, ni na ajiye, kuma na ga abin da ya haifa mini.

Garinmu yana kusa da Kona, a ƙasar Tasawa. Ni ne ɗan fari, don haka mahaifina da mahaifiyata ba su taɓa kiran sunana ba. Da "kai" na girma, da na kama aiki Baba ya koma kirana Mushe. Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko gonar gawo, wadda ya gada daga kakanmu, tana bakin gari ta gabas, da manyan gawo biyar a cikinta, kuma ko shekara ta yi gardama sai ta ba da abin kai wa baki. Na biyu rumbun tsimi. Farin farko, wanda aka yi ina ɗan lakkwal, ya kashe masa shanu a gaban idonsa, ya sa shi bin layin taimako da ƙwarya a hannu. Tun daga nan ya rantse gidansa ba zai sake zama babu tsimi ba. Rumbu ne ake cikawa da hatsi, a rufe bakinsa a shafe da laka, ba mai taɓa shi sai shekarar da sama ta hana ruwa. Ko tsohon hatsin za a sauya, sai sabo ya shigo gida an gan shi da ido tukuna.

Da na fara ɗaukar albashi, kowace kaka sai in aika da kuɗi, Baba ya sayi dammai lokacin da suke araha ya ƙara a kan nasa. Shekara huɗu muna haka har rumbun ya cika ya batse. Shi ya shafe bakin da hannunsa, har shatin yatsunsa ya fito a jikin lakar.

Sai abokina ya shigo cikin maganar. Tare muka shiga lakkwal, shi ya gudu tun muna aji biyar ya kama sayar da hatsi a Tasawa, kafin ka ce me ya yi kanti ya sayi mobilet, ƙaramin babur ɗin nan. Baki gare shi kamar zuma. Wani hutu, bayan kaka, na biya ta wurinsa kan hanyata ta zuwa gida. Muka sha shayi, ya duba hagu ya duba dama, ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur ya kwance ƙyalle. Agogo ne na farin ƙarfe, mai nauyi, in ka ɗora shi a tafin hannu sai ka ji sanyinsa. Ya ce wani Bature mai haƙar rijiyoyi ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. Ba a sa masa batir, ba a murɗa shi, motsin hannu kaɗai ke ba shi rai.

Nan ya fara mini wa'azi. Ya ce in tuna shanun Baba, ina suke? Ya ce hatsi ƙwari ke ci, ɓera ke ci, gobara ɗaya ta ishe shi. Amma wannan abu ba ya neman ciyawa, ba ya neman ruwa, kuma kullum daraja yake ƙarawa. Ya ce Turawa da irinsa suke tsimi, kuma duk ranar da na so, in shiga mota in tafi Kano, akwai Kwarori, 'yan kasuwar kudu, da za su ninka mini kuɗinsa suna godiya. Sannan ya sa mini wuƙar a inda ya san za ta shiga.

"Haba Mushe, kai da ka yi karatu, ka zauna kana ajiya irin ta tsofaffi?"

Wallahi maganar nan ita ta kashe ni. Na ji kaina ya kumbura. Na ce ai ba ni da kuɗin da zai saye shi. Ya ce wa ke maganar kuɗi tsakaninmu, ai ya san muna da tsimi, in ba shi hatsi kawai mu rabu lafiya. Ku duba fa. Mutumin da ya gama gaya mini hatsi banza ne, shi ne yake roƙon in ba shi hatsi ya ba ni dukiyar Turawa. Ni da nake koya wa yara lissafi daga safe har azahar, ban iya haɗa wannan ɗaya da ɗayan ba. Na ɗauko agogo na taho gida ina jin kaina wani babban mutum.

Da safe na samu Baba a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na miƙa masa. Ya juya shi, ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare.

"Abin ga yana da rai," in ji shi. "Mi yake ci?"

"Ba ya cin komai, Baba."

"To in ba ya ci, ta ina zai haihu?"

Na yi dariya. Tir da ni, na yi wa mahaifina dariya a zaurensa. Na shiga kwararo masa bayani, ina cusa Faransanci a tsakiya don ya san da mai ilimi yake magana. Ya bar ni na gama. Ya ce kakar bana ba ta yi kyau ba, abin da aka samu da ƙyar zai kai damina, in yi haƙuri a ga sabon hatsi tukuna, in ya shigo gida sai in yi yadda nake so. Na ce abokina ba zai jira ba, akwai wani Alhaji da ke zawarcin agogon. Ya ce ba a buɗe tsimi don saye, sai don ci. Nan ne bakina ya furta abin da har in mutu ba zan yafe masa ba.

"Ai kuɗina ne a ciki, Baba."

Ya ajiye igiyar. Bai dube ni ba. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya nufi bayan gida, ya hau tsani, ya fasa lakar da hannunsa. Mahaifiyata tana daka a tsakar gida, da ta ji ƙarar sai ta jingine taɓarya ta shige ɗaki. Washegari amalanken abokina suka zo, suka yi ta jigila har la'asar, mutanen gari suna tsaye suna kallo.

Ku ji kuma yadda na ci moriyar dukiyata. Sau ɗaya tak na ɗaura shi na fita, ranar da na je Mayahi karɓar albashi. Mai biyanmu a biro, wato ofis, ya kalli hannuna, ya kalli fuskata, ya rage murya ya tambaye ni ko gado na ci. Lokacin soja ne, ma'aikaci ya sayi keke sabo ma sai an yi ƙus-ƙus, balle a ga ƙaramin mushe da abin da ko kwamanda ba ya ɗaurawa. Na zagaya bayan biro na kwance shi na cusa a aljihu. Daga ranar ya koma gwangwanin madara a ƙasan akwatina. Tunda kuma in ba a motsa shi ba tsayawa yake, kowace safiya kafin in tafi aji sai in rufe ƙofa in fito da shi in yi ta girgizawa kamar mai rarrashin jariri. Lokacin tashin yara kuwa da inuwar bangon aji nake gane shi, yadda na saba tun da.

Damina ta zo. Ruwa ya sauka sau ɗaya aka yi shuka, ta bushe. Aka sake, ta bushe. Masu sauran iri suka yi ta uku, hatsi ya tsaya bai kai gwiwa ba ya ƙone a tsaye. Ko gonar gawo ba ta ba da abin da zai cika amalanke ɗaya ba. Mutanen arewa suka fara wucewa ta gaban lakkwal da jakuna da tabarmi, tumaki suka koma kuɗin tiyar hatsi. Gidanmu baki goma sha huɗu ne, albashina duka in an samu mai sayarwa buhu ɗaya yake saye. Ana cikin haka wani ɗan garinmu da ya zo cin kasuwa ya kawo mini saƙon mahaifiyata, wai a gaya wa Mushe an fara wuni ba a ɗora tukunya ba.

Ban ma tsorata sosai ba, kun ji ƙarfin hali. Na ce ai ranar da aka yi ajiya dominta ce ta zo. Na nemi izinin kwana uku na ɗauki agogo na nufi Tasawa.

Na fara da wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa, don zuciyata ta fara raya mini ko jabu aka ba ni. Ya sa gilashinsa a ido, ya buɗe bayan, ya leƙa ciki. Sai ya ajiye, ya goge hannunsa a riga, ya sake ɗauka a hankali. Ya ce na gaske ne, tun da yake sana'ar nan sau biyu ya taɓa ganin irinsa. Na ji sanyi a raina, na ce to nawa zai yi.

"A ina?" in ji shi.

Na ce a nan mana. Ya girgiza kai. Ya nuna mini faranti cike da agogunan roba masu batir, masu nuna lamba suna ƙiƙ-ƙiƙ, ya ce yanzu waɗannan ake yayi, kuɗin kaza ne, su ɗin ma tun da yunwa ta shigo bai sayar da ko ɗaya ba. Ya ce in gwada Maraɗi.

Na gwada Maraɗi. Ƙofar Alhazai uku na tsuguna. Na farko ya ce a wannan zamani wa zai ɗaura wannan, soja su tambaye shi inda ya samo. Na biyu bai ma bari na kwance ƙyallen ba. Na uku ya taya shi da abin da ko kuɗin motata bai kai ba, yana hamma. Kano kuwa da aka yi mini alkawari, an rufe iyaka, ba shiga ba fita, kuma ma'aikacin gwamnati da aka kama yana ratsa daji ya yi sallama da aikinsa. Haka na dawo Tasawa, ƙafa duk ƙura, na tsaya a ƙofar abokina.

Sitonsa cike yake da buhuna har rufi. Na san hatsinmu yana ciki. Na ce masa ga agogonsa, ya mayar mini da ko rabin abin da ya ɗauka. Ya yi murmushi, ya ce ai ciniki ya riga ya faɗa, amma saboda zumunci zai karɓa ya ba ni buhu uku. Buhu uku! Rumbun da amalanke suka wuni suna kwasa! Na zage shi tas, na kira shi azzalumi, na kira shi ɓarawon zaune, mutane suka taru. Ko gezau bai yi ba.

"Mushe, kasuwa ce," ya ce. "Ran nan agogo ke da tsada, yau hatsi."

A nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Da na karɓi buhu ukun nan na kai gida, da labarin ya tsaya a asarar hatsi. Amma girman kai ya hana ni. Na ce wallahi ba zan sayar da abin da na san darajarsa a wulaƙance ba, iyaka za ta buɗe, zan kai shi Kano in dawo in nuna wa kowa ni ba wawa ba ne. Gidanmu yana nan kusa, tafiyar rabin wuni, amma kunya ta hana ni zuwa hannu wofi. Na aika da ɗan abin da ya rage a aljihuna, na koma wurin aiki, na ci gaba da girgiza agogo kowace safiya ina jiran labarin iyaka a rediyo.

Sai da hutu ya zo na je gida. Tun daga bakin gari na hango hayaƙi a gidanmu, da na matso na ji ƙarar daka. Na leƙa ɗakin Baba na ga buhuna a jingine. Na yi hamdala, na ɗauka wani ɗan'uwa ne ya taimaka. Na samu mahaifiyata a madafa na tambaye ta daga ina. Ta ci gaba da tuƙi kamar ba ta ji ba. Na sake tambaya. Ta ɗago ta dube ni, ta kira ni da sunana na yanka, sunan da tun da ta haife ni bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Gonar gawo ta tahi," ta ce.

Ashe da abin ya kai yaran gida ba sa iya tashi daga tabarma, Baba ya taka da ƙafa har Tasawa. A garin nan duka mutum ɗaya ke da hatsin bayarwa, shi ne abokina. A gaban shaidu ya ba shi buhu goma ya karɓi gonar kakanmu, sayarwa ba jingina ba. Kuma bai bar tsohon ya tafi ba sai da ya ba shi labarin yadda ya yi mini tayin buhu uku na ƙi. Abin da ya fi ci mini rai, sati biyar bayan nan jar dawar taimako ta iso garinmu. Buhu uku da albashina da sun kai mu wannan ranar.

Na samu Baba a zaure, a inda na same shi ranar farko. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na durƙusa ina jiran ya zage ni, ko ya ɗauki sanda, wallahi da na ji daɗi. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi aiki, ya tambayi yaran lakkwal. Sannan ya ce, "Mushe, ƙarfe nawa?"

Mutumin da tun da aka haife shi da rana da inuwa yake sanin lokaci. Na sa hannu a aljihu na fito da agogon, na gaya masa.

"To madalla," ya ce. "Yana aiki."

Shekara tara ya yi bayan nan, yana noma wata jigawa mai nisa da ƙanensa ya ara masa. Bai taɓa tayar da maganar rumbu ko ta gona ba. Amma duk zuwan da zan yi gida, in mun gama gaisawa, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa, ni kuma in duba in gaya masa. Har ranar da na zo duba shi a ciwon ajali sai da ya tambaya.

Da iyaka ta buɗe na koma wurin abokina, na haɗiye zuciya, na ce ya faɗi ko nawa ne zan sayar da agogon in fanshi gonar. Ya ce gona ba ta sayarwa ba ce, ai ƙasa ita ce dukiya. Shi da bakinsa. Daga nan na daina neman mai saye, don ban ga abin da zan yi da kuɗin ba.

Bara ɗiyata da ke aiki a Yamai ta zo gida, ta ga agogon, ta ɗauki hotonsa ta bincika a wayarta. Sai ga ta da gudu tana murna, wai irinsa yanzu zai sayi gida a Tasawa har da canji, wai ashe Baba kun yi dabara tun da can. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, baiwar Allah ta tsaya tana kallona ba ta san laifinta ba. Duk da haka na sa aka tuntuɓi 'ya'yan abokina kan maganar gonar, don shi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ko da yake da nauyi addu'ar take fita daga bakina. Suka aiko da amsa cikin ladabi, wai su yi haƙuri da ni in yi haƙuri da su, ba za su iya sayar da gadon ubansu ba. Gadon ubansu, jama'a.

To kai mai tambaya, ga amsarka. E, abokina bai yi ƙarya ba, agogon na gaske ne kuma ya ƙara daraja. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, da jabu ne da na ce an cuce ni na huta. Ranar da gidanmu ke buƙatarsa, a kasuwar da ƙafata za ta iya kaiwa, darajarsa buhu uku ce, su ɗin ma son in nuna na fi kowa wayo ya hana ni karɓa. In kana da abin da ya ishe ka ya ishi gidanku har ya yi saura, sayi agogonka ka ɗaura ka ji daɗi, ba ruwana. Amma in abin da iyayenka za su ci ranar tsanani za ka kwasa ka zuba a ciki, don wani mai zaƙin baki ya ce maka haka masu ilimi ke yi, to zo in nuna maka inda rumbunmu yake da, yanzu awaki ke kwana a wurin. Ina jin haushin abokina har gobe, amma haushin da nake ji na wancan mushen mai cusa Faransanci a zauren ubansa ya ninka shi.

Tun da na yi ritaya na dawo gida nake ɗaura agogon kullum, yanzu ba mai tambayata inda na samo. Bai taɓa tsayawa ba. Shekaranjiya na bi ta hanyar gabas zan je gaisuwar rasuwa, na ratsa ta gefen gonar. Gawo huɗu suka rage, hatsi ya yi baƙi ƙirin ya fi ni tsawo. Babban ɗan abokina yana ciki yana duba masu noma, da ya gan ni ya taho bakin hanya ya rusuna ya gaishe ni, mutumin kirki ne ba laifi. Zan wuce sai ya kalli hannuna.

"Baba Mushe, don Allah ƙarfe nawa?"

Na duba na gaya masa.